Ruwan Rani a Kogin Haɗeja da Yobe: Haƙƙin Kifi da Haƙƙin Na Ƙasa

Duk wanda Allah ya nufe shi da bin hanyar da ta tashi daga Haɗeja ta nufi Nguru, sa'an nan ya karkata gabas zuwa Gashuwa da Gaidam, a cikin watan Maris ko Afrilu sa'ad da rani ya kai maƙura, lalle zai ga al'amura biyu masu saɓa wa juna, waɗanda da wuya hankali ya yarda cewa kogi ɗaya ne ya haife su. A ɓangaren Guri da Kirikasamma da gefen tafkin Nguru zai tarar da gonakin da kakanni suka noma shinkafa a cikinsu suna kwance a ƙarƙashin ruwa shekara da shekaru, ciyawar kacalla ta rufe su ruf, tsawonta ya fi na mutum, ba masunci ba makiyayi da ke iya ratsa ta. In kuwa ya ci gaba da tafiya, zai iske waɗansu rassan wannan kogi sun bushe ƙayau, yashi ya binne su, mata da yara suna tonon gindin kogi da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsatso. Waɗancan suna kuka da yawan ruwa, waɗannan suna kuka da rashinsa, kuma dukkansu gaskiya suke faɗi.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa a wannan sharhi shi ne cewa ruwan da kogi yake riƙewa da rani, wanda kifi ke fakewa a cikinsa, dabba ta sha, mai lambu ya ɗiba, a damina ake haifarsa, sa'ad da kogi ya cika ya tumbatsa ya malale fadama. Saboda haka duk mai nufin ya maido wa mutanen Yobe da kifayensu ruwan rani, alhali bai yarda ya maido wa kogin da cikarsa ta damina a kan lokacinta ba, to ya ɗauko aikin da ba zai kammalu ba, ko da kuwa ya kashe dukiyar da ta kai nawa. Masifar wannan kogi ba a ƙarancin ruwa kaɗai take ba. Galibinta tana cikin ɓacin lokaci da ɓacin rabo, watau ruwa yana zuwa sa'ad da ba a bukatarsa, yana kwanciya inda ba a so, yana kuma yanke wa waɗanda suka fi kowa dogara da shi.

Wajibi ne mai karatu ya san siffar ƙasar kafin ya yi hukunci. Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano, su wuce Wudil su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci ta Jama'are da Katagum. Muddin suna kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, gudu suke yi a cikin kwari sananne. Amma da zarar sun shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi ta kwarin Cadi, inda tsofaffin tuddan yashi suke jere, sai gudunsu ya yi sanyi, su rarrabu rassa-rassa a tsakanin tuddan. Kogin Haɗeja shi kaɗai yana rabuwa zuwa kogin Kafin Hausa, da tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da mashigar Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga waɗannan rassa, tare da ruwan Jama'are, shi ne ke taruwa kusa da Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda ke bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar ta wajen Difa, har ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Boso. A mafarin waɗannan koguna ruwan sama yana haura milimita 1,000 a shekara, a Nguru kuwa da ƙyar yake kai rabin wannan. Ke nan mutanen ƙasan kogi, tun fil azal, da ruwan da ya sauka a ƙasar waɗansu suke rayuwa.

Kafin a gina manyan madatsu, kusan dukkan ruwan kogin Haɗeja a tsakanin Yuni da Oktoba yake wucewa, kuma da rani ya yi nisa gudunsa yakan tsaya. Amma wanda ya ɗauka cewa wannan tsayawa mutuwa ce, bai fahimci hikimar da Ubangiji ya shimfiɗa a cikin al'amarin ba. Idan ruwa ya iso a watan Agusta ya hau fadama, kifi yana biye da shi: tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi da kawara duk sukan bar kwarin kogi su bazu cikin ciyawar da ruwa ya shanye, can suke zuba ƙwai, can 'ya'yansu suke samun abinci da maɓoya daga tsage da giwan ruwa, har su yi ƙwari a cikin 'yan watanni. Yawan kifin da za a kama a shekara yana rataye ne da faɗin ƙasar da ruwa ya rufe da tsawon kwanakin da ya yi a kanta, kuma wannan abu ne da kowane tsohon masunci ya sani tun kafin masu bincike su auna shi. Idan ruwa ya fara janyewa sai kifi ya gangaro ya taru a gurabe masu zurfi da tafkunan da ba sa ƙafewa, gaiwa kuwa ta shige cikin laka ta kwanta har wata damina. A waɗannan gurabe ne irin kifi yake tsira, shi ya sa sarakunan ruwa suka kasance suna hana su a cikinsu sai ranar da aka buɗe, kamar yadda bikin kamun kifi na ƙasar Bade da ake yi a Gogaram yake tuna mana. A daidai wannan lokaci manomi ya girbe shinkafarsa, ya bi danshin da ruwa ya bari ya shuka wake da kankana, Bafillace kuma ya sauko da shanunsa daga jigawa ya sami ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Ƙasa ɗaya, a shekara ɗaya, tana ciyar da masunci da manomi da makiyayi bi da bi, kowa da lokacinsa.

Akwai kuma wani amfani wanda ido ba ya gani, shi ne kuwa mafi girma. Ruwan da ya kwanta a fadama wata biyu ko uku, kaso mai yawa daga cikinsa nutsewa yake yi cikin rairayi, ya cika abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Fadama dai rumbu ce, ana zuba mata da damina, ana ɗiba da rani. Daga wannan ajiya ne rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da bakin kogi suke samun ruwa, daga ita ne goruba da sauran itatuwan kwari suke sha, kuma ita ce take tsatsowa a gindin gurabe ta hana su ƙafewa a watan Afrilu da Mayu. In an hana fadama cika, to an yanke wa rijiya da gurbi abin da ke ciyar da su, ko da illar ba ta bayyana a shekarar farko ba.

Ba na daga cikin masu zagin madatsun ruwa, kuma adalci ya hana a manta da halin da aka gina su a ciki. An yi aikin madatsar Tiga a kan kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai da shekarun farin da ya hallaka dabbobi ya tarwatsa garuruwa a ƙasashen Sahel, kuma an yi ta da girman da zai ɗauki kusan kubik mita miliyan 2,000. Wanda ya ga yunwar 1973 da idonsa ba za a zarge shi ba don ya yi nufin tare ruwa. Daga Tiga aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda tumatir da shinkafa da alkama suka rufa wa dubban gidaje asiri. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka kammala madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900, aka kuma datse kogin Haɗeja a wajen Auyo domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Birnin Kano kansa daga waɗannan koguna yake sha, ta Tamburawa da Calawa. Haka nan ba daidai ba ne a ɗora wa madatsu dukkan laifi, domin farin 1983 da 1984 ya yi tasa ɓarnar. Sai dai fari yana zuwa ya wuce, madatsa kuwa tana nan, kuma hukuncin buɗe ta da rufe ta a hannun mutane yake, saboda haka a kanta ne hisabi ya wajaba.

Abin da ya faru bayan haka shi ne an juya wa kogi ɗabi'arsa. Ruwan da ya kamata ya sauko gaba ɗaya da damina sai aka tare shi, aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara domin masu noman rani da masu shan famfo, har kogin Haɗeja ya zama mai gudu rani da damina. A zahiri wannan ya yi kama da ni'ima, kuma da yawa sun ɗauke shi haka; amma ruwa ba ya tsami banza. Faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa a fadamun Haɗeja da Nguru, wanda ya kasance tsakanin hekta 250,000 da 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Sa'an nan ita kacalla, wadda a dā zafin rani da bushewar ƙasa da kiwon dabbobi suke karya lagonta kowace shekara, sai ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta yaɗu ta cika mashigai, ta rage wa ruwa gudu, laka da yashi suka kwanta a gindinta, kuma babu sauran ambaliya mai ƙarfin da za ta wanke su. Da haka tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, mafi yawan ruwa ya karkata mashigar Marma, ya je ya kwanta a kan gonakin mutane da hanyoyinsu, rana tana shanye shi a banza. A cikin wannan kurmin kacalla tsuntsayen jan-baki suka sami masauki suna cinye gero da shinkafa, sauro da tsargiya suka ƙaru, masunci kuwa ya rasa inda zai jefa birgi ko ya tura jirgi. Lalle akwai darasi a nan ga duk mai zaton cewa ruwa mai gudu kullum shi ne alamar lafiyar kogi.

Mutanen ƙasa kuwa, daga Gashuwa zuwa bakin Cadi, sun wayi gari galibin abin da ke iso musu ruwan Jama'are ne, domin shi ne kogin da ba a datse shi da babbar madatsa ba, rabon Haɗeja kuwa ya zama ɗan kaɗan. Wannan ya zo daidai da lokacin da bukatarsu ta ƙaru ƙwarai: tun daga hana shigo da alkama a 1987, da kuma shirin raya fadama da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse suka maye gurbin jigo a bakin kogi, kowane mai lambu yana zuƙar abin da a dā sai mutum goma. A ƙetaren iyaka, arzikin mutanen Difa da jan tattasansu, wanda ya shahara a kasuwannin Nijar da Nijeriya, a kan wannan kogi yake. Ba na zargin mai lambu, domin neman halal yake yi. Abin da nake cewa shi ne ana ta ƙara masu ɗiba, ana kuma rage abin da ake zubawa, kuma gurbin da injin ya zuƙe a watan Afrilu, da shi da irin kifin da ke cikinsa suke tafiya.

Da wani zai ce ai asarar fadama farashi ne da ya cancanci a biya domin ribar manyan ayyukan noman rani, to an riga an gwada wannan magana da lissafi. A ƙarƙashin shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru wanda aka fara a 1987, waɗansu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun auna abin da fadama ke bayarwa na noma da su da itacen girki, suka kwatanta shi da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa, suka raba kowanne bisa ga yawan ruwan da ya sha. Sai ya bayyana cewa amfanin ruwa a fadama ya ninka amfaninsa a babban aikin fiye da sau ɗari, alhali ma ba su sa kiwo da cikar rijiyoyi a cikin lissafin ba. Hollis da Adams da Aminu-Kano sun tattara irin waɗannan bincike a littafin da suka fitar a 1993. Ana iya yin jayayya a kan alƙaluma, kuma gyaran da aka yi wa magudanan Kadawa da Auyo a shekarun baya-bayan nan ya rage ɓarnar ruwa. Amma tazarar ta yi faɗin da ba za a share ta da gyaran lissafi ba. Dalilin da ya sa ba a ganin arzikin fadama shi ne a warwatse yake a hannun talakawa, bandar kifi a nan, ƙwaryar nono a can, damin kaba a wancan ƙauye, ba ya shiga littafin kowace ma'aikata.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tattauna wannan al'amari kamar ba mu gāji komai a kansa ba, alhali fuƙaha'unmu sun yi masa babi sukutum. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, inda ya iyakance wa mai gonar sama abin da zai tsare, gwargwadon idon sawu, ya kuma wajabta masa sakin saura ga na ƙasa da shi. A wannan babi kuma aka zo da hanin riƙe rarar ruwa domin a hana dabbobi kaiwa ga ciyawa. Ke nan shari'a ta yarda na sama ya fara sha, amma ta sa masa haddi, ba ta mallaka masa kogi ba. Malaman mazhabarmu sun ƙara wani sharaɗi wanda ya dace da mas'alarmu ƙwarai, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Halil, cewa fifikon na sama yana tabbata ne idan shi ya riga raya ƙasarsa. To, wa ya riga wani a nan? Manoman shinkafa na Haɗeja da masuntan Bade da Mangawa da Barebarin bakin Yobe sun yi ƙarnoni suna rayuwa da wannan ruwa kafin a haƙa magudana ta farko a Kadawa. Ban ce a rushe abin da aka gina ba, domin kawar da cuta da cutar da ta fi ta ba maslaha ba ce. Amma wanda ya zo daga baya ba shi da hujjar ɗaukar rabon wanda ya riga shi kamar sadaka ce da zai bayar in ya ga dama. Game da dabbobi kuma, ƙissar Annabi Salihu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta ishe mu tunani, domin a cikinta an raba ruwan gari tsakanin mutane da taguwa, kowa da ranarsa, kuma take haƙƙin wannan dabba yana daga cikin abin da ya jawo wa Samudawa halaka. Kifin da ke gurbi halitta ce mai rai wadda aka ba mu amanarta, kuma bayan haka abincin marayu da matalauta ne.

Na san abin da mutumin Ringim ko Auyo ko Haɗeja zai ce da ni: kana kiran a saki ambaliya, alhali mu ambaliya ce ta cinye mu a 2001 da 2010 da 2020 da 2022? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya kwana a kan tudu da iyalinsa bayan ruwa ya rushe masa ɗaki ya cancanci amsa ta gaskiya. Ambaliyar da ke halaka mutane ita ce wadda ke zuwa a ƙarshen damina ba shiri, sa'ad da madatsu suka riga suka cika maƙil don an ƙi rage su da wuri, ruwa ya tsallake ta kansu ko a buɗe ƙofofi a firgice, ya tarar da mashigai a toshe da kacalla da yashi, ya rasa hanya sai ta cikin gari. Abin da ake nema kuwa shi ne saki mai ƙa'ida, a farkon cikar kogi, da gwargwado sananne da rana sananniya, ta mashigai da aka share, domin ruwa ya isa fadamar da ke jiransa, madatsa kuma ta sami wurin karɓar ruwan Satumba. Maslahar mutumin Ringim da ta mutumin Gaidam a nan ɗaya ce, ko da yake an daɗe ana nuna musu kamar abokan gāba ne.

Kuma wannan ba mafarki ba ne, domin maƙwabtanmu sun jarraba shi. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa, tare da ganuwar da aka yi a bakin kogin Logon, sun hana ruwa hawa wani babban yanki na fadamar Waza, har kifi ya ragu, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, makiyaya suka watse. A 1994, sa'an nan a 1997, aka sake buɗe mashigai biyu da aka toshe, ruwa ya koma kan ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 300, kuma a cikin 'yan shekaru masuntan Kotoko da Musgum da makiyayan Fulani da Larabawan Shuwa suka ga amfanin abin, ba tare da an hana masu shinkafa nasu ruwan ba. A can nesa kuma, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ruwan sama ke ɗaukewa duk tsawon lokacin zafi, mazauna mafarin kogin Mattole sun ga ƙoramunsu suna ƙafewa 'ya'yan kifin samon suna mutuwa a gurabe. Sai wata ƙungiyarsu mai suna Sanctuary Forest ta riƙa taimaka wa magidanta da manyan tankuna da za su cika a lokacin yalwa, bisa alkawari a rubuce cewa ba za su zuƙi ƙorama ba idan ruwanta ya yi ƙasa. Ƙasarsu daban, kifinsu daban, amma asalin dabarar ɗaya ne da abin da sarkin ruwa yake yi sa'ad da ya hana taɓa gurbi: a ɗiba a lokacin yalwa, a kame hannu a lokacin ƙunci.

Mu ma ba a rasa yunƙuri ba. Nijeriya da Nijar sun ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a 1990 a kan raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a cikinsu bisa adalci, Yobe na cikinsu. A shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma a jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 gwamnatocin jihohi shida, Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka taru a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, suka kafa asusun amana domin aiwatar da shi. An share waɗansu mashigai, jama'ar ƙauyuka sun fito da lauje da adda sun yi aikin gayya a cikin ruwa har wuya, gwamnatin Jigawa kuma ta sayo injinan haƙa masu aiki a kan ruwa. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai yankan kacalla, muddin ba a canza yadda ake sakin ruwa ba, aiki ne da za a maimaita har abada, domin sababin da ya tsiro da ita yana nan. Kuma yanzu da aka ƙara wa Tiga aikin samar da lantarki, wanda shi ma ruwa mai gudu kullum yake so, an ƙara wa ɓangaren sama wani mai da'awa, na ƙasa kuwa ba a ƙara masa murya ba.

A ganina abin da ya rage shi ne mafi wuya, domin ba a yin bikin buɗe shi, ba a kuma manna masa allon suna: a rubuta ƙa'idar tafiyar da Tiga da Calawa, a bayyana ta ga jama'a da Hausa da Barbarci da Badanci da Fillanci a gidajen rediyo, a faɗi ruwan da za a saki a watan Yuli da Agusta domin fadama, da mafi ƙarancin abin da ya wajaba ya wuce ta ƙarƙashin gadar Gashuwa a kowace shekara, a kuma ware waɗansu makonni na ƙarshen rani da za a rage saki har mashigan da kacalla ta cinye su bushe a ƙone ta. In ƙofofin madatsa ba za su iya sakin abin da ake bukata ba, injiniyoyi su gyara su. In ruwa yana karkata Marma fiye da kima, a gina abin da zai daidaita rabonsa a mararrabar rassan. Sa'an nan a maido da ma'aunan ruwa a Wudil da Haɗeja da Gashuwa da Gaidam, a riƙa karanta su kullum ana shelanta sakamakon, domin haƙƙin da ba a auna shi ba, ba a iya ƙarar wanda ya ci shi. Su ma mutanen fadama akwai nasu nauyin, kuma ba zan ɓoye shi don ina tausayinsu ba: masu kafa dumba su tare mashiga daga gaɓa zuwa gaɓa har kifi ya kasa komawa gurbi, da masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da masu datse reshe da buhunan yashi su karkatar da ruwa gonarsu su bar ƙauyen gaba da ƙishi, duk suna yi wa na ƙasa da su irin abin da suke kuka an yi musu. Hakimai da sarakunan ruwa da limamai su ne suka fi kowace hukuma ikon hana wannan, in an mayar musu da martabarsu aka kuma tsaya musu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta Kafin Zaki, madatsar da aka tsara ginawa a kan kogin Jama'are a ƙasar Bauci tun ƙarshen shekarun 1970, aka fara aka tsaya, kuma har yau ake tayar da zancenta lokaci bayan lokaci. Mutanen Bauci suna da haƙƙin neman abin da zai raya ƙasarsu, ba mai musun wannan. Amma Jama'are shi ne kogi na ƙarshe da ke kawo wa Yobe cikar damina a kan lokacinta, kuma tsoron da mutanen Yobe da Borno suke nunawa tsoro ne na wanda ya ga abin da ya sami Haɗeja. Ina roƙon gwamnonin jihohin nan shida, da Ministan Albarkatun Ruwa, da sarakunan Kano da Haɗeja da Katagum da Bade, da su tsaya a kan cewa ba za a ɗora dutse ɗaya a Kafin Zaki ba sai an rubuta ƙa'idar sakin ruwan Tiga da Calawa, an yi aiki da ita shekaru a jere, mutanen Gashuwa da Gaidam da Difa kuma sun shaida da bakinsu cewa rabonsu yana iso musu.